Fa'idodi da Illolin Ɗauko Saitin Wani a Aikin Manhaja: Duba Daga Ngaski

Tun da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023, wanda ministan sadarwa Bosun Tijani ya ce zai horar da 'yan Najeriya miliyan 3 kan fasahar zamani, koyon rubuta manhaja ya daina zama sana'ar 'yan Legas da Abuja kaɗai. Matashi a Wara ko Libata ko Yelwa, in ya mallaki kwamfuta ko da ta hannu ce, yana iya shiga aji ta intanet. Ga kuma masu karatun kwamfuta a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliero da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, da ke dawowa gida hutu da aikin makaranta. Dukkansu abu ɗaya ke fara tare musu hanya, tun kafin su rubuta layi guda: shirya kwamfutar ta yarda ta yi aikin.

Kusan kowane aikin manhaja yana tafe da wasu fayilolin saiti, wato ƙananan fayiloli masu faɗa wa kwamfuta yadda za ta kintsa kanta. In na JavaScript ne, akwai package.json, mai lissafa ƙananan manhajojin da aikin ya dogara da su. In na Python ne, requirements.txt. Mai rubutu da VS Code, wanda Microsoft ya fitar a 2015, zai tarar da folda mai suna .vscode, a cikinta akwai saitin rubutu da jerin umarnin da za a gudanar. Masu haɗa manhajar waya da Android Studio kuwa suna da fayilolin Gradle. Maimakon mutum ya zauna ya shirya komai da hannunsa, sai ya sauko da aikin daga shafin GitHub, ya buɗe, ya buga umarni ɗaya kamar npm install, kwamfuta ta bi abin da mai aikin ya tsara.

Fa'idar farko, mutumin Ngaski ya fi na birni saninta. Madatsar Kainji, da aka kammala a 1968, ita ta haifi tafkin da Wara ke bakinsa, amma kusanci da ita bai sa wuta ta zama abin dogaro a karkara ba. Wanda ke aiki da abin da batir ya riƙe, ko da cajin da ya biya a shago, ba shi da sa'o'in ɓatawa wurin laluben wane abu ne ya dace da wane. Data ma ta ƙara tsada tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 na kuɗin sadarwa a Janairun 2025. Mai shiryawa da ka yakan sauke abu, ya ga ba shi ba ne, ya goge ya sake, kuma kowane kuskure kuɗi ne. Fayil ɗin saiti yana faɗin ainihin sigar da ake bukata, a sauke sau ɗaya a wuce wurin.

Ta biyu ta fi wannan girma a wurina. Manhaja ba kasafai mutum ɗaya ke rubuta ta ba, kuma rigimar da ta fi yawa tsakanin abokan aiki ita ce ɗaya ya ce "ai a wurina tana aiki", ɗayan ya ce a wurinsa ta ƙi. Sau da yawa ba wanda ya yi kuskure, sigogin kayan aikinsu ne suka bambanta. Shi ya sa npm ya shigo da package-lock.json a 2017, fayil da ke ƙulle kowace siga yadda na Shanga da na Kano da na Landan za su sami abu iri ɗaya sak. Wannan shi ya ba yaron ƙauye damar yi wa kamfanin da bai taɓa taka ƙofarsa aiki ba. Malami mai ɗalibai da yawa ma yana hutawa da zagayen kwamfutoci. In kuma na'ura ta mutu ko aka sace, mai saiti a ajiye yana komawa bakin aiki a yini guda.

To, sai illoli. Mafi sauƙinsu nauyi ne. Wanda ya tsara saitin galibi yana zaune inda intanet ke gudu, kwamfutarsa kuma sabuwa ce. Ba ya jin komai in ya sa aikin ya jawo abin da ya haura gigabait, ko ya ɗora shi kan manhajar Docker, wadda tsohuwar na'ura mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 ke numfarfashi kafin ta ɗauka. Wani lokaci kuma saitin yana nuna foldar da a kwamfutar mai shi kaɗai take, ko an yi shi don Mac alhali kai Windows gare ka. Sai jan rubutu ya cika allo, ɗan koyo ya ɗauka shi ne bai iya ba. Wasu daga nan suke ajiye karatun gaba ɗaya.

Akwai kuma jahilcin da sauƙi ke haifarwa. Ana samun wanda ya yi wata da watanni yana rubuta manhaja, amma bai taɓa buɗe fayil ɗin da ke tayar masa da aikin ba. Ranar da abu ya karye, sai jiran wani.

Illar da ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce ta tsaro, domin mutane na kallon saiti kamar zaɓin launi da girman rubutu ne kawai. Alhali umarni ne, kuma kwamfuta ba ta tambayar wanda ya rubuta shi. A cikin package.json ana iya sa umarnin da zai gudana da kansa da zarar an gama saukewa. A tasks.json na VS Code ana iya sa wanda zai tashi da buɗe folda. A Janairun 2021 masu binciken tsaro na Google suka bayyana yadda wasu masu kutse da ke da alaƙa da Koriya ta Arewa suka riƙa ƙulla abota da ƙwararru a intanet, sannan su tura musu aikin Visual Studio wai a yi bincike tare, da mugun umarni a ɓoye cikin saitin haɗa shi. Waɗanda aka yi wa tarkon nan masana tsaron kwamfuta ne, ba 'yan koyo ba. A tsakiyar shekarar ne VS Code ya fara tambayar duk mai buɗe sabuwar folda ko ya amince da waɗanda suka rubuta ta. Tambaya ce mai kyau, sai dai yawancinmu muna danna "na amince" ba mu karanta ba.

Wanda ya fi kusa da matasanmu shi ne tarkon da kamfanin Palo Alto Networks ya tona a Nuwamban 2023. Wani zai tuntuɓe ka da sunan mai ɗaukar ma'aikata, ya ce akwai aiki daga gida, amma sai an gwada ka: sauko da wannan aikin, ka tayar, ka gyara abu kaza. Kana tayarwa, an fara kwashe lambobin sirrinka da abin da ke asusun kirifto. Yaron da ya gama horo yana neman aikin dala, wa zai gaya masa ya dakata? Masuncin Yauri ba ya aron kwale-kwale ya tura ruwa bai leƙa ƙasansa ba, komai kyan fentin.

Al'adarmu ta raba kaya a filas don tsimin data ita ma tana da nata haɗarin. A 2015, masu rubuta manhaja a China da suka gaji da jinkirin saukewa daga Apple sun riƙa ɗaukar kwafin Xcode, kayan haɗa manhaja na Apple, daga wasu rumbuna na cikin gida. Ashe an gurɓata shi, kuma gurɓatar ta bi ta cikin manhajojin da suka haɗa, har da WeChat. Dalilinsu na yin haka shi ne namu: intanet ba sauri.

Ɓarnar tana iya fita daga wurinka ma. Mai tura saitinsa ga jama'a yakan manta ya haɗa da fayil ɗin .env, inda mabuɗan sirri suke. Kutsen da aka yi wa Uber a 2016, wanda ya shafi mutum miliyan 57, ya faro ne daga mabuɗan da aka tsinta cikin ma'ajiyar kamfanin a GitHub.

In an ɗora duka a sikeli, ɗauko saiti ya rinjaya, kuma ba wanda zai yi aiki da jama'a yau ya ce ba ruwansa da shi. Amma sharaɗinsa karatu ne. Fayilolin nan gajeru ne, mafi yawansu ba su wuce shafi ɗaya ko biyu ba. Ɗan'uwa mai koyo, ka shirya aiki ɗaya da hannunka tun daga tushe don ka san me kowane layi ke yi. Aikin da baƙo ya turo maka kuwa, ka buɗe shi ba tare da danna amincewa ba, ka karanta package.json da tasks.json tukuna, kuma kada ka tayar da shi a kwamfutar da kake shiga asusunka na banki da ita.