Idan Aure Ya Mutu, Wa Zai Riƙe Yara?

'Yan'uwa cikin Almasihu, ba ma fatan aure ya mutu, amma yana faruwa, har cikin ikkilisiyoyinmu. Ranar nan takardar aure ce take magana.

Auren rajista, Babbar Kotu kaɗai ke raba shi. Dokar 1970, sashe na 71, ta ce alƙali ya sa amfanin yaro gaba da komai, don haka yakan duba mai kula da shi, karatunsa da lafiyarsa. Amma in sadaki aka biya, fasto ya sa albarka kawai, auren gargajiya ne a idon doka. Ƙaramar kotu za a je, inda al'adar "'ya'ya na uba ne" take da nauyi har yanzu.

Dattawa, majami'arku tana da lasisin ɗaura aure? Ku bincika kafin bukukuwan Disamba.