Ba a fafe gora ranar tafiya

Ƴan'uwa ƴan kasuwa, maza da mata, akwai wata tambaya da kowannenmu ya san da ita amma ba mai son tayar da ita: idan ruwa ya ci gida cikin dare, ko wuta ta tashi a kasuwa, me za mu fita da shi a hannu, kuma da me za mu koma sana'a bayan ƙura ta lafa? Mu a ganinmu, gidan da bai amsa wannan tambaya ba tun ana zaune lafiya, ya bar amsarta ga ranar da ba a da lokacin tunani.

Ba abin nesa muke magana a kai ba. A daminar 2024 ambaliyar ruwa ta kashe kusan mutum 400 a ƙasar nan, ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi, kuma jihar Maraɗi ce ta fi yawan mamata. A Damagaram, tsohon masallacin unguwar Birni, wanda aka gina da ƙasa tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon watan Satumba na wannan shekarar. Har komawar yara lakkwal sai da aka ɗaga zuwa ƙarshen watan Oktoba, domin waɗanda suka rasa muhalli suna kwana a cikin azuzuwa. Kafin nan, a 2020, kogin Isa ya fasa shingensa ya shiga unguwannin Yamai, kamar yadda ƙoramar Telwa ta yi wa Agadas ɓarna a 2009. Ta wajen wuta kuwa, babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ba a sake buɗe ta ba sai 1987, ta kuma sake kamawa a 2009; ƙaramar kasuwa ita ma ta tafi a 2012. Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muka lura da shi shi ne, ba asarar kaya kaɗai ke karya ɗan kasuwa ba. Abin da ke karya shi shi ne tara komai wuri guda. Haja tana cikin shago, cinikin mako yana cikin akwatin shago, littafin bashi yana bisa akwatin, takardar rumfa da rasit na patanti suna tsakanin shafukan littafin. Mai abincin sayarwa ita ma, buhun shinkafarta, zubin adashenta da takardun haihuwar ƴaƴanta duk suna ɗaki ɗaya, ƙarƙashin gado. Dare ɗaya ya isa ya kwashe duka. Kuma mu duka mun san halin bashi: wanda ake bin ka yana rubuce a littafin Alhajin da ya ba ka kaya, ba ya ƙonewa, wanda kake bi kuwa, in littafinka ya zama toka, sai mai tsoron Allah ne zai zo ya tuna maka.

Saboda haka shiri na farko shi ne rarrabawa. Kada kuɗi su kwana a kasuwa, kada kuma jari duka ya kwana a ɗaki. A ware wani abu, ko jika biyu ko biyar ne a wata, a sa shi inda ruwa da wuta ba su kaiwa: banki, asusun salula, ko asusun ƙungiya. Mata sun riga maza gane wannan. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, ya nuna cewa zubin mako-mako, komai ƙanƙantarsa, yana iya tayar da wadda ta faɗi. Shawararmu ga kowace ƙungiyar adashe ita ce ta keɓe wani kaso daban wanda ba a taɓa shi don biki ko suna, sai ranar da bala'i ya sami ɗaya daga cikinta. Littafin bashi kuma a yi shi biyu, ɗaya a shago ɗaya a gida, a riƙa daidaita su kowace Juma'a. Mai salula mai ɗaukar hoto ya ɗauki shafukan ya tura wa ɗan'uwan da ya amince da shi.

Na biyu, takardu. Katin ɗan ƙasa, takardun haihuwa, takardar fili, takardar rumfa, katin rigakafin yara da na awon ciki, duk a yi musu fotokofi, a kai a buga musu hatimi, a ajiye kwafin a gidan dangi da ke wata unguwa. Na asalin kuma a naɗe su cikin leda biyu a ɗaure. Duk wanda ya taɓa neman sabuwar takardar haihuwa ya san kwana nawa ake ɓatawa ana kai da kawowa da shaidu, kuma kowane wuni da aka yi a layi, wuni ne da rumfa ta kwana a rufe. Yaron da ba shi da takarda kuma, ranar jarrabawa ake gane girman asarar.

Na uku, jakar fita. Ba wani abu mai tsada ba ne. Bokitin roba mai murfi ko tsohuwar jakar tafiya ta isa, a rataye ta kusa da ƙofa, sama da ƙasa, inda ko cikin duhu hannu zai kai. A ciki a sa ledar takardun nan, da tocila da batir, ashana cikin leda, ƙaramar rediyo, cajar salula, sabulu, zane ko bargo, sange saboda sauro, da ƴan canji, domin ranar tashin hankali ba mai canja maka jika goma. A sa abincin da ba ya bukatar wuta wanda zai riƙe iyali kwana uku: garin rogo, ƙuli-ƙuli, dabino, sukari da gishiri. Mai hawan jini, mai ciwon sukari da mai asma, a ware musu maganin mako guda, a riƙa sauya shi kafin ya lalace. A rubuta lambobin dangi a takarda, tunda salular da ta jiƙe ba ta tuna kowa. Lambar ƴan kwana-kwana 18 ce, ta ƴan sanda 17. Har yara su haddace su.

Ruwan sha muna so mu ɗan tsaya a kansa, domin bayan ambaliya shi ne ke kisa a ɓoye. Idan ruwa ya malale, masai da rijiya sukan haɗu, daga nan sai gudawa da kwalara. Mutanen Madarunfa ba su manta da 2018 ba, kuma a 2021 cutar ta bazu a jihohi da dama har da Maraɗi, Damagaram da Tawa. A ajiye bido guda cike, a rufe, a riƙa sauya ruwansa. Idan ya ƙare, a tafasa wanda aka samu, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs bisa ƙa'idar da ke jikin takardarta, a jira rabin awa. Yaron da gudawa ta kama, a ba shi ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, ana ba shi ana kan hanyar asibiti.

Na huɗu, wanda ba ya cin ko dala, shi ne a zauna a yi magana. Mu ƴan kasuwa wuni muke a waje. Sau da yawa yara da tsofaffi ne kaɗai a gida. Maigida da uwargida su tara iyali su raba aiki: wa zai ɗauki jariri, wa zai kama hannun kaka, wa zai ɗauko jaka, wa zai kashe mitar wuta ya rufe tukunyar gas. A tsayar da wuri ɗaya a kan tudu, masallaci ko lakkwal ko gidan wani dangi, inda kowa zai nufa in an rabu. A gaya wa yara ƙarara cewa ba a komawa cikin ɗaki don ɗauko kaya, ba a kuma tsallaka ƙorama mai gudu ko da ruwan bai wuce gwiwa ba. Mutuwar damina a ƙasar nan ta hanya biyu take zuwa, nutsewa da faɗowar gini. Bangon ƙasa da ya sha ruwa kwana biyu, ya fara tsagewa, ba a kwana a gindinsa. Gara tabarma a zauren maƙwabci. Yaɓe da gyaran indararo kuma tun bazara ake yin su, ba sai hadari ya haɗu ba.

Mun san wasu za su ce wannan rashin tawakkali ne, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa. Gaskiya ne ba makawa. To amma wane ne a cikinmu yake barin shago a buɗe ya tafi gida da sunan tawakkali? Kakanninmu da suka gina rumbun tsimi, suka ƙi taɓa iri ko yunwa ta kai ina, ba su fi mu ƙarancin imani ba. Wasu kuma za su ce wanda ke neman na yau ina ya ga na ajiya. Wannan ma magana ce, shi ya sa muka ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi: leda, magana da iyali, kwafin littafin bashi. Sauran a riƙa ƙarawa kasuwa bayan kasuwa.

Hukumomi su ma da nasu. Magadan gari da ke karɓar kuɗin rumfa su yashe magudanai kafin ruwan farko, su hana raba filaye a kan hanyar ruwa, su tanadi ruwan kashe wuta a kasuwanni. Amma mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya: teburanmu ne ke toshe layin da motar kwana-kwana za ta bi, mu ne ke jan waya bisa waya, mu ne ke barin garwashi a murhu da kwalaben fetur a bayan shago mu tafi gida. Shugabannin ƴan kasuwa su sa wannan a taronsu na gaba, kowane layi ya samu bokitan yashi da mai duba wuta bayan an tashi.

Taimakon gwamnati da na ƙungiyoyi yakan zo, amma bayan kwanaki yake zuwa, kuma buhun hatsi da tabarma ba su mayar da jari. Kwana ukun farko namu ne, da abin da muka tanada. Wuta tana da lokacinta, hunturu da bazara; ruwa yana da nasa, Agusta da Satumba. Tunda mun san lokutan, yau da an tashi kasuwa a sayi leda, a tattara takardu, a tara yara a yi magana. Allah ya kiyaye mu da dukiyoyinmu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri.