Darasin da Argungu za ta koya daga ƙauyen Wacken

Duk shekara ƙauyen Wacken da ke arewacin Jamus, mai mutane kusan 2,000, kan karɓi baƙi wajen 85,000 da ke zuwa bikin kiɗan metal, wanda aka fara a 1990. Yawancinsu a tantuna suke kwana, a gonakin da manoma ke bayarwa haya, tare da ruwa, banɗakuna da masu tsaro.

Bikin kamun kifi na Argungu ya girme shi nesa ba kusa ba. Tun 1934 ake yin sa, kuma UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Amma matashin da ya taso daga Jega, Aliero ko Maiyama don kallon masunta da makaɗa, ina zai kwana? Otal-otal ɗin garin ba za su ɗauke dubban baƙi ba, don haka da yawa kan juya gida da kuɗinsu a aljihu.

Ya kamata gwamnatin Kebbi da masarautar Argungu su ware fili mai shinge, da ruwa, masallaci da jami'an tsaro, maza daban, iyalai daban. Baƙon da ya kwana shi ke yi wa mai shayi da mai soya kifi ciniki da safe.