A Daina Tsorata Yaranmu da Canki-Canka

Akwai wata magana da ake gadar wa ɗalibai a ƙasar Karaye da Rogo kamar yadda ake gadar gona, kuma duk shekara sai ta ci mana yara. Yayan da ya zauna jarrabawar JAMB bara shi ke faɗa wa ƙanensa, malamin lesin ya ƙara mata gishiri, har ta zama kamar doka: wai idan ba ka san amsar tambaya ba, ka bar ta, domin in ka cinka ka kuskure kwamfuta za ta yanke maka maki daga cikin wanda ka riga ka samu. Mun ji ta a Yola, mun ji ta a cikin garin Karaye, mun ji ta a bakin mutanen da ya kamata a ce sun fi haka sani. Maganar nan ba gaskiya ba ce, kuma masu yaɗa ta, ko da kyakkyawar niyya suke yi, suna cutar da 'ya'yan talakawa.

Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta tun 2015. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu: 60 na Ingilishi, sai 40 a kowanne daga cikin darussa uku da ɗalibi ya zaɓa. Jimillar maki 400, kowane darasi 100. Kowace tambaya tana da zaɓi huɗu. Hukumar ta sha bayyana cewa ba ta yanke maki saboda amsar da aka kuskure. Wanda ya kuskure bai samu komai ba, wanda ya bar gurbi ma bai samu komai ba. To ina ribar barin gurbin?

Mu yi lissafin da ɗan aji uku zai iya. A darasi mai tambaya 40 da maki 100, kowace tambaya ta tashi maki biyu da rabi. A ce yarinya ta tsorata ta bar tambaya goma-goma a darussa uku, talatin ke nan. Da ta rufe ido ta danna ko me hannunta ya faɗa wa, a bisa ƙiyasi za ta dace da ɗaya cikin huɗu, wato bakwai ko takwas, kusan maki goma sha tara. Da kuwa ta tsaya ta fitar da zaɓi biyu da ta tabbata ba su ba ne, sannan ta cinka tsakanin biyun da suka rage, rabin talatin ɗin na iya zama nata. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a, jami'o'i da dama kuma suna neman 180 ko fiye. A wannan shekarar, cikin ɗalibai kusan miliyan 1.9 da aka fitar da sakamakonsu da farko, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Ma'ana mafi yawan yaranmu a bakin gaɓa suke cunkushe, inda maki goma sha tara ke raba wanda zai tafi Jami'ar Bayero da wanda zai koma gonar rake ya jira baɗi. Uban da ya sayar da masara ya biya kuɗin rajista, ya biya kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, wataƙila har da na kwana, ba zai taɓa sanin cewa ba rashin ƙoƙari ne ya kayar da 'yarsa ba, shawarar banza ce.

Za a ce mana ai maganar ba daga sama ta faɗo ba. Haka ne. Akwai jarrabawoyin da ke hukunta kuskure. Jarrabawar SAT ta Amurka ta daɗe tana yanke rubu'in maki a kan kowace amsar da ba daidai ba, sai a 2016 ta daina. Jarrabawar CAT ta Indiya, wadda ake shiga manyan makarantun koyon kasuwanci na ƙasar da ita, tana ba da maki uku ga amsa daidai, ta ƙwace ɗaya ga kuskure a tambayoyin zaɓi. Amma ko a can ɗin, a duba lissafin. Zaɓi huɗu ne: in ka cinka sau huɗu, ka dace sau ɗaya ka samu uku, ka kuskure sau uku ka rasa uku, ba riba ba faɗuwa. Da zarar ka iya fitar da zaɓi ɗaya tak, cinken ya koma riba. Ashe ko inda dodon yake da gaske, bai kai girman da ake zuzuta shi ba, balle a nan da babu shi sam.

Abin da ya fi ba mu haushi shi ne, ɗan da ya tsira daga wannan tarko a JAMB, ya gama digirinsa, ya ɗaga kai yana hangen digiri na biyu a fannin kasuwanci a Amurka ko Ingila, zai sake cin karo da tsoron nan a inda ya fi tsada. Jarrabawar da makarantu irin su Harvard da Wharton da London Business School ke karɓa, wato GMAT, tun 1997 take kan kwamfuta, kuma ba irin ta JAMB ba ce. Ita tana auna ka ne tana tafiya, kamar dillalin da ke taya kaya yana kallon fuskar mai saye. Ta fara maka da tambaya matsakaiciya. In ka amsa daidai ta ƙaro mai wuya, in ka kuskure ta sassauta. Makinka ba yawan abin da ka ci kaɗai ba ne, har da nauyin tambayoyin da ka iya ɗauka. A tsarin da aka shigo da shi a ƙarshen 2023, tambayoyi 64 ne a kashi uku, kowane kashi minti 45, maki kuma daga 205 zuwa 805. Ba ka da ikon tsallake tambaya: sai ka zaɓi wani abu kafin ta gaba ta fito. Kuma hukumar da ke shirya ta ba ta ɓoye ba cewa wanda lokaci ya ƙare masa bai gama kashi ba, makinsa zai ragu saboda tambayoyin da bai kai gare su ba.

A irin wannan jarrabawa, ɗalibin da aka raina da "kada ka amsa sai ka tabbata" shi ne naman farko. Zai kafe a kan tambaya ta bakwai minti shida yana gumi, don a ransa cinke abin kunya ne, sai ya ɗago ya ga agogo ya cinye, tambaya biyar na ƙarshe ko ganinsu bai yi ba. Wanda aka koya wa dokar wasan kuwa, in ya ga minti biyu sun wuce ba haske, sai ya fitar da abin da zai iya fitarwa, ya zaɓa, ya yi wa tambayar alama, ya wuce. Sabon tsarin ma ya ba shi damar komawa a ƙarshen kashi ya canza amsa har uku, in lokaci ya rage. Duka biyun na iya zama kansu ɗaya a ilimi. Bambancinsu, ɗaya ya biya wata cibiyar horo a Legas ko Abuja an faɗa masa sirrin, ɗayan kuma an tura shi fagen da tsoro a aljihu.

Kada wani ya juya mana magana. Ba mu ce yaro ya shiga ya jera C daga sama har ƙasa ba, kamar yadda wasu ragwaye ke alfahari. A JAMB wannan ba zai kai shi ko'ina ba, rubu'in 400 ɗari ne kawai. A GMAT kuwa ya kashe kansa, domin kwamfutar za ta yi ta sauko da shi zuwa tambayoyi masu arha har ta ajiye shi a ƙasa. Karatu shi ne jari. Cinke na tambayar da ta gagara ne bayan an yi iya yi.

Akwai wata hujja da ta fi ta malaman lesin nauyi, kuma ba za mu raina ta ba, don a cikinta muka tashi. A zaurukanmu an koya mana cewa faɗin "ban sani ba" ado ne ga mai ilimi. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga ciki. Almajirin da ya yi shaci-faɗi a gaban malaminsa ya san abin da zai biyo baya. Wannan tarbiyya ce mai daraja, kuma da 'yan siyasarmu da masu sharhi a Facebook za su ɗan ɗiba daga cikinta, da mun huta. Amma mai fatawa yana yin shiru ne don kada ya ɓatar da wanda zai yi aiki da maganarsa. Yaron da ya danna B a gaban kwamfuta wa ya ɓatar? Bai rantse cewa ya sani ba, bai yaudari kowa ba, bai saci amsar kowa ba. Masu jarrabawar da kansu sun gina ta da sanin cewa za a cinka, sun kuma saka hakan a lissafinsu. Ba caca ba ce, tunda babu abin da ya zuba da zai rasa. Ɗauko ladabin zaure a kai shi ɗakin jarrabawa kamar shiga kasuwar Rogo ne ka ƙi taya kaya don kunya, a yanka maka farashin da aka ga dama.

Kuma mu lura da wanda kunyar ta fi kamawa. A ƙasar Chile, da aka cire hukuncin kuskure daga jarrabawar shiga jami'a a 2015, masu bincike sun gano cewa a da 'yan mata sun fi maza barin tambayoyi ba amsa, kuma bayan cire hukuncin tazarar ta ragu. Can Kudancin Amurka ke nan. Ina ga yarinyar Yola da tun tana ƙarama ake ce mata ta sunkuyar da kai, kada ta yi magana sai ta tabbata, sannan a ranar da rayuwarta ke kan sikeli a ƙara mata da cewa na'ura na jiran ta yi kuskure ta hukunta ta? Wasu daga cikinsu ranar jarrabawar ce rana ta farko da suka zauna gaban kwamfuta. JAMB ta sauƙaƙa, ta sa ana iya amsawa da haruffa kaɗan ba sai da linzami ba: A zuwa D don zaɓi, N don ci gaba, P don komawa baya, S don miƙawa. Tana kuma shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske. Sai dai ta gwajin ma kuɗi ce da tafiya, kuma wanda ya fi bukatarta shi ne wanda ba zai iya zuwa ba.

Ita kanta na'urar da ake tsoratar da yara da ita ba waliyyiya ba ce. A watan Mayun 2025 shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida yana hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da jihohin Kudu maso Gabas, aka sake musu jarrabawa. Me ya sa aka gano? Don iyaye da malamai a can sun san yadda ake lissafin makin, sun san abin da 'ya'yansu za su iya, suka ga abin bai yi daidai ba, suka ɗaga murya. Da a wajenmu abin ya faru, da yawanmu da sai mu ce haka Allah ya ƙaddara, wataƙila ma mu ce ai kwamfuta ce ta yanke wa yaron maki don ya cinka.

Abin da muke nema ba gini ba ne, ba kwangila ba ce. Shugabannin makarantun sakandare na Karaye da Rogo su ware awa ɗaya kafin jarrabawa, malamin lissafi ya tsaya gaban allo ya yi wa 'yan aji shida lissafin ɗaya cikin huɗu har su gani da idonsu. Ɗaliban jami'a 'yan asalin yankin, da ke dawowa hutu suna shirya taron ƙungiya da rabon kalanda, su zo da kwamfutocinsu na hannu ko da guda biyar ne, su zaunar da ƙannensu su danna N da P har hannu ya saba, da agogo a gabansu, a koya musu su ware minti biyar na ƙarshe don cike duk gurbin da ya rage. Malamin lesin kuma da ya sake cewa ana yanke maki, iyaye su ce ya nuna musu shafin da aka rubuta haka a cikin ƙa'idojin JAMB kafin su biya shi kuɗin wata.