Shari'ar Shugaba Darman Da Talakan Bakin Iyaka

Ran 24 ga Janairu 1980 ne ma'aikatan shige da fice suka kama Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman a Maiduguri, suka tsallakar da shi ƙasar Chadi. A lokacin shi ne shugaban masu rinjaye na jam'iyyar GNPP a Majalisar Dokokin Jihar Borno. Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, shi ya sa hannu a takardar korar, wai don Shugaba ba ɗan Nijeriya ba ne.

Da magana ta kai Babbar Kotun Maiduguri, Mai Shari'a Oye Adefila ya soke korar, ya kuma umarci gwamnati ta biya diyyar naira 350,000. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, a 1982 can ma aka tabbatar masa da ɗan ƙasancinsa. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1979 ya hana korar ɗan ƙasa daga ƙasarsa, kuma sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya maimaita wannan hani. Hukuncin ya nuna cewa sa hannun minista ba ya fi ƙarfin alƙali.

Amma fa Shugaba yana da jam'iyya da lauyoyi da jaridu a bayansa. Abin dubawa shi ne talakan da ke zaune a bakin iyaka, irin manomin Bahuli a ƙasar Mubi. Wannan yanki yana cikin Arewacin Kamaru ne a ƙarƙashin amanar Majalisar Ɗinkin Duniya, sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairu 1961 sannan ya haɗe da Nijeriya. Iyakar ta raba dangi da kasuwanni, dattawa da yawa kuwa ba su da takardar haihuwa. In ma'aikaci ya ce da irin wannan mutum baƙo ne, kafin ya san hanyar kotu an fitar da shi.

Saboda haka ya wajaba hukuma ta riƙa ba duk wanda za a kora dalili a rubuce, da wa'adin da zai isa ya kai ƙara, kada kuma a tsallakar da kowa sai alƙali ya saurare shi. Baƙon da aka soke masa izinin zama, ko aka gindaya masa sharuɗɗa masu tsanani, shi ma ya cancanci a ji ta bakinsa. Wanda ba shi da kuɗin lauya, gwamnati ta ba shi.

Ba wanda ke musun ikon ƙasa na tsare iyakarta da korar wanda ya karya doka. Sai dai hakkin da kotu ta tabbatar wa ɗan majalisa a Maiduguri, shi ne hakkin manomin Bahuli, kuma aikin hukuma ne ta ga ya same shi tun kafin a sa shi a mota.