Wa Zai Gyara Bencin Gindin Mangwaro?

Na san wasu daga cikin abokan karatuna za su yi dariya idan suka ga kan wannan rubutu. Za su ce duk matsalolin da suka addabi ɗalibi a yau, ga tsadar abinci, ga kuɗin makaranta, ga cunkoson ɗakin kwana, a rasa abin da za a yi magana a kai sai benci? To, ina roƙon mai karatu ya yi mini uzuri ya saurare ni, domin abin da ya tunzura ni da idona na gan shi a daminar bara, a unguwarmu da ke garin Kafanchan.

Rasuwa aka yi a maƙwabta, mutane suka taru don gaisuwa. Kamar yadda aka saba, dattawa suka nufi dogon bencin nan da ke gindin mangwaro a ƙofar gidanmu, wanda tun ina yaro nake ganin sa a wurin. Mutum uku suka zauna. Ba su gama gaisawa ba sai ji muka yi ƙaras, ƙafa ɗaya ta karye. Biyu suka dafe ƙasa suka miƙe, na ukun kuwa, wani tsohon ma'aikacin reluwe da ya haura saba'in, ya faɗi a kan ƙugunsa. Sai da ya yi kusan wata biyu bai taka zuwa bakin titi ba. Da muka kifa bencin muka duba, ashe ƙafar nan ɓawo ne kawai ya rage, cikinta duk ƙasa ce da gara ta cusa. Da na je duba shi na ce, "Baba, ka yi haƙuri, gara ce ta cuce mu." Sai ya yi murmushi ya ce, "A'a ɗana, gara aikinta ta yi. Ku ne ba ku yi naku ba."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, don kuwa gaskiya ce. Ɓarnar ba a damina ta fara ba, tun hunturu ta faro. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu iskar nan mai busar da leɓe da tafin ƙafa haka take busar da katako. Yana tsotsewa, ya tsuke, ya tsattsage, mahaɗar ƙafa da jiki ta yi sako-sako, ƙusa ta fara rawa a raminta. Kowa ya san lokacin da benci ke fara kuka idan an zauna, amma sai mu gyara zama kawai mu ci gaba da hira. Ƙura kuma ta bi ta cike tsagogin. Da ruwan farko ya sauka, ƙurar nan ta zama laka, ta riƙe danshi a cikin katakon, ƙafafun da ke binne a jiƙaƙƙiyar ƙasa su fara ruɓewa. A daidai lokacin ne kuma shinge ke fitowa daga suri yana kewaya fitila da dare, alamar gara ta bazu neman sabon gida. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A ƙasashen Turai da Amurka inda ƙanƙara ke zuba, mutane kan kwashe kujerunsu na waje su adana lokacin sanyi, idan gari ya fara ɗumi su fito da su, su wanke, su shafa musu mai ko fenti. Mu namu lissafin a juye yake. Da rani ne muke zaman waje, abin tsoronmu shi ne ruwa. Kuma mu mutanen kudancin Kaduna lokacinmu ya fi na mutanen Kano ko Katsina ƙuruwa. Su bazararsu doguwa ce, sukan kai watan Mayu ko Yuni kafin damina ta kankama. Mu da ke gindin duwatsun Kagoro, tun ƙarshen Maris ake fara ganin hadari, zuwa Afrilu ruwa ya sauka, kuma ba zai ɗauke ba sai Oktoba. Ke nan 'yan makonni ne tsakanin lafawar ƙura da saukar ruwa, kuma a cikinsu ne kaɗai aikin ke yin kyau. Wanda ya yi fenti ana tsakiyar hazo, ƙura za ta manne masa ya zama kamar bangon laka. Wanda ya bari sai katako ya sha ruwa, ya rufe danshi ne a ciki, fentin zai kumbura ya ɓare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Aikin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. A kifa benci a rana, a kakkaɓe shi, a ƙwanƙwasa ƙafafun da bayan wuƙa. Inda ya yi ƙara irin ta ganga, to an riga an shiga, sai a kira kafinta ya sauya wannan ɓangaren. A matse mahaɗai da gam da sabuwar ƙusa, a goge da samfefa, sannan a shafa maganin gara irin su Solignum da ake samu a shagunan kayan gini. Da yawa a wajenmu baƙin mai suke karɓowa daga wurin bakanike su sirka da kalanzir su shafa. Yana korar gara, ban musa ba, amma ni ban yarda a shafa shi inda ake zama ba. Yana ɓata tufafi, ba shi da kyau ga fata, ga yara suna hawa suna sa hannu a baki. In dole ne a tsaya a ƙafafu. Abin da ya fi komai sauƙi kuma shi aka fi mantawa, wato a ɗora kowace ƙafa a kan faffaɗan dutse ko bulo don ta rabu da ƙasa. Kujerar ƙarfe ita kuma tsatsa ce gararta, a kankare a shafa jan fentin nan na masu walda kafin a sa mai launi.

To idan abin bai wuce aikin yini guda ba, me ya sa ba a yi? A nawa ganin, dalilin shi ne bencin ƙofar gida na kowa ne, don haka ba na kowa ba ne. Mai gidan yana ganin ai 'yan majalisa ne ke cinye shi da zama, su kuma suna ganin ai a ƙofar wani yake. Matasan da ke kwana a kansa suna musun ƙwallon Ingila, ba ka taɓa jin ɗaya ya ce a kawo guduma. Ni ma ina cikinsu, ban cire kaina ba. Shekara nawa ina zama a kan bencin nan ina cin rake, ban taɓa leƙa ƙarƙashinsa ba sai ranar da ya ka da dattijo.

Wani zai ce ai zamani ya wuce nan, a sayi kujerar roba a huta. Lalle roba tana da ranarta. Ba ta da nauyi, gara ba ta cin ta, kuma ba don ita ba ban san yadda za a zaunar da jama'ar biki ko taron coci ko na Maulidi ba. Amma a bar ta a waje rani guda a gani. Rana ce ke cin ta, launinta ya koɗe, jikinta ya yi gautsi, wata rana ƙafar baya ta buɗe ba sallama. Idan ta karye sai dai a ɗinke da waya, ko a ɗora biyu a zauna kamar ɗaya, daga nan sai bola ko kwata, ta je ta toshe hanyar ruwa. Tun da aka janye tallafin mai a 2023 kuɗinta ma ya daina zama na wasa. Abin da ya fi damuna da ita kuma, mutum ɗaya take ɗauka, kuma da magariba mai ita zai kwashe abarsa ya shige gida.

Abin takaici, mu ba mutanen da za su rasa katako ba ne. Ga dajin Nimbia nan kusa da mu inda aka shuka itacen tik, wanda duniya ta san shi da jure ruwa da ƙwari. Ga maɗaci, ga loko. Tsofaffin kafintocin garinmu sun san wanda ke jure waje da wanda bai kamata ya bar ɗaki ba. Amma da yake araha muke bi, sai a yi mana benci da farin katako mara ƙwari, a kafa shi a ƙasa ba magani, mu kuma mu yi mamaki idan bai ga damina uku ba. Kowane benci da muka bari ya ruɓe, wata bishiya za a sare a maye gurbinsa, alhali dazuzzukan namu kowa na ganin yadda suke ja da baya.

Akwai kuma abin da ya fi katako. Kafanchan gari ne da jirgin ƙasa ya raya tun da layin dogo ya iso a shekarun 1920, ya tara Fantswam da Bajju da Atyap da mutanen Kagoro da Hausawa da Fulani da Ibo da Yarbawa, Hausa ta zama harshen da ya haɗa su a kasuwa da tasha. Garin nan kuma ya ga tashin hankali a 1987 da 1999 da 2011, kuma bayan kowanne sai unguwanni su ƙara rabuwa, kowa ya koma cikin nasa. Wuraren da suka rage inda mai zuwa masallaci da mai zuwa coci ke zama kafaɗa da kafaɗa ba tare da an kira taron sulhu ba, ba su da yawa. Bencin mai shayi, bencin mai faci, bencin gindin mangwaro. A namu na ga wanda ya dawo daga sallar La'asar ya matsa wa wanda ya dawo daga aikin gonar citta, suka raba goro. Watanni ukun da muka yi ba benci bayan ya karye, majalisar nan watsewa ta yi. Ba faɗa aka yi ba, wurin zama ne babu, kowa ya riƙa ɗaga hannu daga nesa yana wucewa.

Da ƙyar aka haɗa kuɗi aka yi sabo bayan kaka, na maɗaci. A hutun nan da na je na tarar hunturu ɗaya har ya fara tsaga shi ta gefe. Na tara samarin majalisa na ce kowa ya kawo abin da ya sawwaƙa a sayi magani da fenti kafin Maris ya ƙare. Mu goma sha ɗaya ne, zuwa ranar da na dawo makaranta mutum huɗu suka bayar. Duwatsun da za a ɗora ƙafafun kuwa tsohon ma'aikacin reluwen nan ne ya sa jikansa ya kawo, na baro su a jingine da mangwaron.