Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar SUBEB Ta Jihar Kano



Ina so in ja hankalinka kan yadda ake koyar da lambobi a azuzuwan share fage. Yaro zai rera ɗaya zuwa hamsin babu gargada, amma ka nuna masa 6 ya ce 9, ka ce ya ɗebo tsakuwa bakwai ya ciko hannu. Dalili shi ne hadda aka ba shi. Sanin lamba sai an haɗa abu uku: sunanta, siffarta da adadin da take nufi. Murafen kwalba, ƙwallon dabino da rubutu a kan yashi sun isa, in an fara daga 1 zuwa 5.

Masu buƙata ta musamman sun fi cutuwa. Makaho yana buƙatar lambar da zai shafa da yatsa, ta yumɓu ko ta Braille mai ɗigo shida. Kurma yana buƙatar malamin da ya iya maganar hannu. Mai jinkirin fahimta kuwa, lamba ɗaya a rana da yawan maimaici.

Dokar ilimin bai ɗaya ta 2004 da dokar hana wariya ga masu naƙasa ta 2018 sun ba waɗannan yara haƙƙin karatu. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ba za ta ɗauke su duka ba. Don Allah a horar da malaman firamare, a wadata su da kayan aiki.

Allah ya yi jagora.

Naka,
Wani malamin makaranta